Ilektiron ɗin da suka zube ba tare da igiya ba

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum iyayena, malamaina da 'yan'uwa na wannan zaure. Ku taya ni murna, ku kuma taya ni dubawa. Wata uku ke nan ina fama da aikin digirina na biyu, sai jiya ya fitar da sakamako. Manhaja na rubuta da harshen kwamfuta na Python, tana kwaikwayon yadda igiyoyin filasma, wato iska mai caji ta can sararin sama, suke warwatsa ilektiron a ɗamarar Van Allen ta waje. Na zuba ilektiron 5,000, kowanne da ƙarfin kilo-ilektiron-bolt 30 (ma'aunin ƙarfin ƙwaya ke nan), na saki igiya a tsakaninsu, na bar kwamfuta tana aiki tun bayan isha'i har aka kira assalatu. Da na duba, kusan dukkansu sun zubo cikin iskar duniya a daƙiƙa biyar kacal na lokacin kwaikwayon. Ban taɓa karanta inda igiya ta yi irin wannan shara ba. Ina ganin na samo wani abu.

Baba Hedimasta (Daura):
Wa alaikumus salam. Allah ya yi albarka, ɗana. Amma ka sauko ƙasa-ƙasa don irinmu. Na koyar da kimiyya shekara talatin a firamare da sakandare, ban san duniya tana da ɗamara ba.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah ya ƙara girma, Baba. Duniya ai maganaɗisu ce babba, shi ya sa allurar kamfas take nuna arewa. Layukan wannan maganaɗisu suna fita daga kudu, su lanƙwasa can sama, su shiga ta arewa. A cikinsu akwai ƙwayoyi masu caji da suka maƙale, sun kewaye duniya kamar ɗamara biyu, ta ciki da ta waje. Ta wajen, wadda nake aiki a kanta, tana farawa wajen kilomita 13,000 daga ƙasa har zuwa wajen 60,000, kuma ilektiron ne suka fi yawa a masu ƙarfin cikinta. James Van Allen na Jami'ar Iowa a Amurka ne ya gano su a 1958 da na'urar da ya saka a tauraron ɗan'adam Explorer 1.

Shi ilektiron ɗin motsi uku yake yi a lokaci guda. Yana kewaya layin maganaɗisu kamar yadda yaɗon wake yake naɗe karan dawa. Yana kai-komo tsakanin arewa da kudu, don in ya doshi ƙurya inda maganaɗisu ya yi ƙarfi sai ya turo shi baya. Sannan yana zagaya duniya a hankali ta gabas. A wurin da na zaɓa, nisan da ya ninka rabin faɗin duniya sau biyar, yana kewaya layin kusan sau 7,000 a daƙiƙa, kai-komonsa daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, zagayen duniya kuwa sai ya ci awanni.

To akwai wani ɗan mazurari. Ilektiron da tafiyarsa ta kusa miƙewa sambal a kan layin, kusurwarsa ba ta kai digiri huɗu ba, ba ya samun damar juyowa, sai ya nutse cikin iska ya ƙare. Aikin igiyar shi ne ta riƙa tunkuɗar su har wasu su faɗa wannan mazurarin.

Mai Ɗaura Dish (Ƙofar Ƙaura):
Yawwa! Ashe su ne suke zubo mana a kan dish. Wallahi akwai ranakun da za ka saita wa mutum komai daidai, sigina ta cika, washegari da rana ya kira ka hoto ya tsaya, kafin ka hau babur ka iso ya dawo da kansa.

Injiniya:
A'a maigida, kada ka ɗora musu laifin da ba nasu ba. Naka abu biyu ne. Da damina, ruwan sama da hadari mai kauri ne suke shanye siginar. Wancan na tsakar rana kuma da yake tafiya ya dawo cikin 'yan mintuna, ka lura wajen Maris yake zuwa da kuma wajen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da rana take tsayawa daidai bayan tauraron, hayaniyarta ta danne siginarsa. Ilektiron ɗin da yaron nan yake magana ba sa saukowa Katsina. Layin da ya zaɓa yana taɓa ƙasa ne wajen digiri 63 na maganaɗisu, irin su arewacin Kanada da Alaska da Nowe, kuma ko a can suna ƙarewa ne wajen kilomita 90 zuwa 100 a sama.

Malamar Fiziks:
Sannu da ƙoƙari, ƙanena. Kafin mu yi murna ina da tambaya uku. Nawa ne ƙarfin igiyar da ka saka? Wace hanya ka bi wajen tura ilektiron daga mataki zuwa mataki, kuma mataki nawa a kowane kewaye? Ta ukun ita ce babba: ka taɓa kashe igiyar gaba ɗaya ka gudanar da manhajar haka nan?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Malama, ƙarfin igiyar nanotesla 0.1 ne a ma'aunin maganaɗisu, maganaɗisun wurin kuma nanotesla 250. Mitarta 2,000 a daƙiƙa. Hanyar lissafi ta Runge-Kutta mai hawa huɗu na yi amfani da ita, mataki 20 a kowane kewaye. Ban kashe igiyar ba gaskiya, tunda ita ce abin da nake bincike a kai.

Malamar Fiziks:
To ka dubi lambobinka da kanka. Igiyarka kashi ɗaya ce cikin 2,500 na maganaɗisun da yake riƙe da su. Ta yaya abu mai wannan ƙanƙanta zai share ɗamara cikin daƙiƙa biyar? Da haka lamarin yake, da babu ɗamarar ma tun farko, don irin wannan igiya kusan kullum tana nan ta ɓangaren asuba na duniya. Ruwa ba ya tsami banza. Yau da daddare ka mayar da ƙarfin igiyar sifili, kada ka taɓa komai ban da shi. Ka rubuta ƙarfin kowane ilektiron a farko da ƙarshe. Maganaɗisu shi kaɗai yana juya ƙwaya ne kawai, ba ya ƙara mata ƙarfi, ba ya rage mata. In lambar ta motsa, daga manhajarka ne.

Alhajin Kasuwa:
Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni ba ɗan boko ba ne sosai amma ni nake biya wa yara uku kuɗin makaranta. Ina jin zafin abin nan ne shi ya sa zan faɗa. Yaro mai kai irin wannan, a garin da manomi yake neman wanda zai gaya masa yaushe ruwa zai sauka, asibiti na neman wuta, shi kuma ya kwana yana ƙirga ƙwayoyin da Injiniya ya ce ko kanmu ba sa faɗowa. Kuma ma ba ƙwayoyin gaske ba, na cikin kwamfuta. Abin da ka zuba mata ai shi za ta dawo maka da shi. Ina amfanin?

Injiniya:
Alhaji, tambayarka tana kan hanya, bari in amsa rabin da na sani. Ba sa faɗo mana, amma dukiyarmu tana cikinsu. Tauraron sadarwarmu NigComSat-1R da aka harba daga Sin a Disamba 2011 yana zaune a kilomita 35,786, gefen ɗamarar waje ke nan. Taurarin GPS da wayarka take dogara da su, da direban da yake kai maka kaya Jibiya, suna wajen kilomita 20,200, suna ratsa tsakiyarta kullum. Ilektiron masu ƙarfin gaske suna huda jikin tauraro su taru a cikin robar wayoyi da allunan lantarki, caji ya yi ta taruwa har ya yi tartsatsi. A Janairun 1994 taurari biyu na Kanada, Anik E1 da E2, suka rikice a rana ɗaya saboda haka. An dawo da ɗaya cikin awanni, ɗayan sai da aka yi watanni. Talabijin da wayar tarho na yankuna masu nisa suka yanke. Kuma igiyar nan da yaron yake kwaikwayo ita ce mai zubar da wasu ilektiron, ita ce kuma mai ƙara wa wasu ƙarfi har su zama masu kashe tauraro. Duk ƙasar da ta sayi tauraro tana bukatar wanda ya san wannan lissafi a gida.

Alhajin Kasuwa:
Na ji wannan. Amma wanda ya gabace shi, NigComSat-1, da ya mutu a 2008 fa, su ne?

Injiniya:
Abin da aka bayyana shi ne fikafikansa masu karɓar hasken rana ne suka samu matsala, wuta ta ƙare masa. Haka taurarin Starlink kusan 40 da suka faɗo a Fabrairun 2022, guguwar rana ce ta kumbura iskar sama ta ja su ƙasa. Ba kowace mutuwar tauraro ce ta ilektiron ba.

Baba Hedimasta (Daura):
Ni abin da ya tsaya mini shi ne kalmar igiya. A sama inda babu ruwa babu iska, me yake kaɗawa?

Malamar Fiziks:
Baba, Allah ya ja kwana. Wurin ba fanko ba ne. Akwai filasma, wato iska mai siranta ƙwarai wadda ƙwayoyinta suka rabu zuwa masu caji, 'yan ƙwayoyi kaɗan a gurbin da bai fi kan ɗan yatsa ba. Ita da maganaɗisu suke kaɗawa tare. Abin sha'awar shi ne mitar waɗannan igiyoyi ta faɗo daidai inda kunnen mutum yake ji, daga ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai a daƙiƙa, don haka in aka kama su da eriya aka saka a lasifika sai a saurara. Akwai mai fito, wadda walƙiya take haifarwa: sautin yana farawa sama ya gangaro ƙasa, domin masu babbar mita suna riga isowa. Akwai mai huci, shuuu, wadda take share tsakanin ɗamarar ciki da ta waje har ya zama kusan fili. Sai wadda ake kira koros, ita ce ƙanena yake kwaikwayo, mai kama da kukan tsuntsaye da sassafe a kan bishiyar darbejiya, kowane sauti yana hawa sama, cuwit, cuwit.

Yadda take taɓa ilektiron kuwa, ku tuna lilo. In kana tura yaro ba kan ƙa'ida ba, wani turin ya kai shi gaba wani ya tare shi, ba inda za shi. In ka daidaita turinka da dawowarsa, ƙaramin turi ma sai ya kai shi sama. Ita igiyar juyawa take yi ta ɓangaren da ilektiron yake juyawa, amma ta fi shi jinkiri, 2,000 a kan 7,000. Sai wanda yake tahowa gaba da gaba da ita da gudun da ya dace ne yake ganin ta ƙara sauri har ta yi daidai da kewayensa, kamar yadda hon ɗin mota yake ƙara kaifi in tana doso ka. Shi kaɗai take turawa. Sauran suna wucewa kamar ba ta nan. Shi ya sa da ya ce dukkansu sun zube hankalina bai kwanta ba.

Baba Hedimasta (Daura):
Allah ya saka da alheri, ɗiyata, yanzu na gane. Kin tuna mini dare a Daura muna kewaye da rediyo, gajeren zango, murya ta zo ta tafi ta dawo. Ko shi ma wannan ne?

Malamar Fiziks:
Ɗan'uwansa ne na ƙasa, Baba. Wancan filasmar da take daga wajen kilomita 60 zuwa 'yan ɗaruruwa ce, ita take dawo da zangon rediyo ƙasa, in ta motsa murya ta yi rawa.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Barkanmu da safiya. Malama, na yi abin da kika ce. Wuta ta ɗauke wajen ƙarfe ɗaya, na kai kwamfutar shagon maƙwabcinmu mai sola ta ƙarasa a can. Igiya sifili. Ilektiron sun zube kamar jiya, kusan adadi ɗaya. Na bi guda ɗaya na zana ƙarfinsa, layin sai gangarowa yake yi tun daga matakin farko. Cikin daƙiƙa ɗaya gudun kewayensa ya ragu da fiye da rabi, gudunsa na miƙe kuma yana nan, to dole kusurwarsa ta tsuke ya faɗa mazurari. Na daɗe zaune ina kallon zanen nan. Wata uku, kuma har na fara rubuta babi na huɗu a kansa.

'Yar Dutsin-Ma:
Yaya, kada ka karaya, ni ma lissafi nake karantawa kuma na zauna na duba maka. Runge-Kutta mai hawa huɗu tana ɗan rage girman duk abin da yake kewayawa a kowane mataki. Da mataki 20 a kewaye, ragin kusan kashi 7 ne cikin miliyan. Ba ya ganuwa. Amma kana yin mataki 140,000 a daƙiƙa, sai ya taru ya zama abin da ka gani. In ilektiron ya matsa inda maganaɗisu ya fi ƙarfi, kewayensa ya ƙara sauri, matakinka bai canza ba, ɓarnar ta ƙaru. Hanyar ba ta da laifi a inda aka yi ta dominsa, nan ne ba wurinta ba sai in za ka ƙanƙanta matakin sosai.

Malamar Fiziks:
Madalla da ke. Ƙanena, ka koma hanyar Boris, wadda Jay Boris ya fitar a 1970, ita masu wannan fanni suka fi riƙewa har yau. Tana raba aikin ne: rabin turin lantarki, sai juyin maganaɗisu zalla, sai sauran rabin turin. Da yake juyi ne zalla, tsawon gudun ba ya canzawa ko za ka yi mataki biliyan. Ka yi amfani da sigarta mai lura da ƙa'idar Einstein, don ilektiron ɗinka suna gudun kusan kashi ɗaya cikin uku na gudun haske.

Kuma wata ukun nan ba su tafi a banza ba. Shi kansa Van Allen, na'urarsa mai ƙirga ƙwayoyi shiru take yi in tauraron ya hau sama sosai, ta nuna sifili. Da sun karɓi lambar yadda ta zo, da sun ce babu komai a can. Sai suka tuhumi na'urar, suka gano ƙwayoyin ne suka yi mata yawa har ta kasa ƙirgawa.

Alhajin Kasuwa:
To kun gani? Maganata ce ta fito. Kwamfuta ta yi masa ƙarya wata uku, da Malama ba ta tambaya ba da ya kai wa malamansa an sa hannu. Wa ya san sauran na Turawan ba haka suke ba?

Malamar Fiziks:
Alhaji, ranka ya daɗe, a nan kana da gaskiya fiye da yadda kake zato, kuma shi ya sa ba a yarda da kwaikwayo sai an gwada shi da abin da aka auna. Kai ma ba ka karɓar mudu daga baƙo sai ka gwada shi da naka. NASA ta harba taurari biyu, Van Allen Probes, a Agustan 2012, suka yi shekara bakwai suna ratsa ɗamarar suna auna igiyoyi da ƙwayoyi tare, har 2019. Japan ta harba Arase a Disamba 2016. A 2018 aka wallafa abin da Arase ya gani: duk lokacin da koros ta taso, ilektiron sun cika mazurarin, ta lafa sun ragu, kuma a daidai lokacin kyamarori a Kanada suna ɗaukar hasken sama na ƙurewar arewa yana kunnuwa yana mutuwa. Abin da masana biyu, Kennel da Petschek, suka lissafa a takarda tun 1966 ke nan, aka gan shi ido da ido bayan shekara hamsin. Wani lokacin kuma aunawar ce take kunyata lissafin: a Satumbar 2012 taurarin nan suka ga ɗamara ta uku da ta yi kusan mako huɗu, ba wanda ya yi hasashenta.

Injiniya:
Ni inda nake da ja da ku shi ne hanyar ma gaba ɗaya. Bin ilektiron ɗaya-ɗaya na daƙiƙa biyar ba zai gaya wa mai tauraro abin da zai faru jibi ba. Guguwar rana kwanaki take yi, irin ta 10 da 11 ga Mayun 2024. Masu hasashe, kamar na cibiyar bincike ta British Antarctic Survey a Ingila, ba sa bin ƙwaya. Suna ɗaukar turin igiya a matsayin ƙananan tunkuɗa barkatai masu yawa, su lissafa yadda taron yake bazuwa, kamar shuni a ruwan marina. Da haka ake lissafin kwanaki cikin ɗan lokaci. Me zai hana ya yi wannan?

Malamar Fiziks:
Ba na musun amfaninta, Injiniya, da ita ake aiki. Amma ta ginu ne a kan zaton cewa igiyar ƙarama ce kuma turinta barkatai ne. Koros ba barkatai take ba, kowane cuwit sauti ne tsararre mai hawa, kuma an auna masu kai nanotesla ɗaya har da fiye. In ta yi ƙarfi haka, tana iya cafke ilektiron ta tafi da shi, ya yi ta karɓar turi ta fuska ɗaya, ƙarfinsa ya yi tsalle cikin ƙasa da daƙiƙa. Lissafin bazuwa ba ya ganin wannan. Bin ƙwaya ɗaya-ɗaya ne yake nuna inda zaton ya tsaya da inda ya karye. Ita ma tana da nata gurgun: ilektiron ɗinsa suna jin igiya, igiya ba ta jin su, alhali a sama su ne suke haifar da ita. Mai son ganin haihuwar koros sai ya yi kwaikwayon da ƙwayoyi miliyoyi da igiya suke taɓa juna, irin wanda su Farfesa Omura suka yi a Jami'ar Kyoto ta Japan, wannan kuwa sai manyan kwamfutoci.

Injiniya:
Na yarda da rabi. Har yanzu ina ganin in ya gama wannan, ya kamata ya dubi samanmu. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ta Najeriya ya ratsa, kudu da mu kaɗan. Akwai kogin lantarki da yake gudana da rana wajen kilomita 100 a samansa, wanda Farfesa Onwumechili ya yi shekaru yana nazari tun daga Ibadan. Bayan faɗuwar rana kuma filasmar tana yin kumfa da take rikita GPS. Wannan a kanmu yake.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Iyayena, na dawo bayan kwana huɗu. Na sake rubuta zuciyar manhajar da hanyar Boris, mataki 50 a kewaye. Da igiya sifili, ƙarfin bai motsa ba sai a can ƙarshen lambobi, kuma ba ko ɗaya da ya zube. Da na kunna igiya a nanotesla 0.1, 'yan kaɗan ne suka faɗa, duk daga waɗanda tun farko suke bakin mazurarin, sauran sun ɗan bazu hagu da dama. Da na ɗaga ta zuwa nanotesla ɗaya sai zanen ya rabu biyu: yawancinsu sun matsa gefe guda, wasu 'yan tsiraru kuma sun yi tsalle sama, ƙarfinsu ya ƙaru a ratsawa ɗaya. Malama, ina jin su ne waɗanda kika ce ana cafkewa. Ban rubuta komai a babi na huɗu ba tukuna.

Malamar Fiziks:
Kada ka rubuta. Ka raba matakin biyu ka sake, in tsirarun nan suna nan yadda suke to na igiya ne. Sannan ka lissafa saurin bazuwar a nanotesla 0.01, ka gwada da abin da lissafin su Injiniya yake bayarwa, dole su haɗu a can. Bayanan Van Allen Probes kyauta suke a intanet, ka sauko da na rana ɗaya ka ɗauki koros ta gaske maimakon wadda ka ƙirƙira. Ke kuma 'Yar Dutsin-Ma, ki karanta masa manhajar layi-layi, ido biyu sun fi ɗaya.

'Yar Dutsin-Ma:
To Malama. Yaya, ka turo mini yau, ina da hutu ranar Alhamis.

Alhajin Kasuwa:
Ban canza ra'ayi a kan manomi da asibiti ba. Amma yaron da ya dawo gaban mutane ya ce aikinsa na wata uku kuskure ne, na yarda da shi. Akwai inbata da batir biyu a shagona na baya da ba a amfani da su da dare. Ka zo ka riƙa ajiye kwamfutarka, ka daina yawo da ita ƙarfe ɗaya.

Baba Hedimasta (Daura):
Ɗana, in ka sauko da bayanan nan, ka mayar da kukan tsuntsayen sauti ka turo mini a waya. Jikokina suna zuwa ranar Juma'a, ina so su ji.